Garake ko filin golf: nazarin wata taƙaddamar fili a bakin kogi, bayan garin Yamai

Wurin da mutanensa

Wurin da ake magana wata gaɓa ce ta Kogin Isa a bayan garin Yamai, inda gidajen birni ke ƙarewa, ƙasar wata komin ta karkara ta soma. Ba za a ambaci sunan wurin ko na mutanen ba, don har gobe maƙwabtan juna ne, kuma zukata ba su gama hucewa ba.

Ƙasar hawa uku ce. Dab da ruwa akwai laka da burgu, nan masunta ke ɗaure jiragensu, nan shanu ke gangarowa shan ruwa. Sama da nan fadama ce mai baƙar ƙasa inda garake suke: salati, shu, karoti, tumati, tattasai, zogale, da ƴan itatuwan mangwaro da lemu. Can sama kuma tudu ne mai jigawa, ana shuka masa hatsi da damina. Duka-duka wurin bai wuce hekta 40 ba.

Gonakin gado ne na zuri'a biyu na Zabarmawan ƙauyen da ke kusa. Masu aikin garka kuwa galibinsu Hausawa ne, ƴan Adar da ƴan Arewa ta wajen Dogon Dutsi, waɗanda iyayensu suka zo cin rani bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa mutane su rungumi noman rani. An ba su aron ƙasa da baki, a gaban shaidu, da goro. Da farko tukuicin shekara kwandon kayan garka ne. Daga baya ya koma haya da kuɗi. Takarda ko guda babu, kuma shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya ga amfaninta.

Wanda bai san halin kogin a Yamai ba, ba zai gane rigimar ba. Sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina ta Agusta da Satumba, jan ruwa mai laka da rafuka irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa da shi daga wajen Burkina Faso. Sai cikar sanyi, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso Yamai a Disamba da Janairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma kogin ya janye ya bar rairayi. A Yunin 1985 ma ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai, kuma akwai tsofaffi a garaken da suka ratsa shi da ƙafa a wannan shekarar.

Ƙarshen 2019: turakun siminti

A watan Yulin 2019 Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka. Saboda shi aka gina manyan otal irin su Radisson Blu, aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, duk mai kuɗi kuma ya soma kallon bakin kogi da wani ido daban.

Bayan girbin wannan shekarar, wasu mutane suka zo da mota da na'urar awo mai ƙafa uku. Kafin mako ya zagayo an kafa turakun siminti tun daga tudu har cikin burgu, ɗaya ma a tsakiyar fangalin salatin wani dattijo. Da aka tambaye su sai suka ce su aikin awo kawai aka sa su.

A hankali labari ya fito. Wani ɗan kasuwa ne, ɗan ƙasa, da abokan hulɗa na waje. Shirinsa otal ne na alfarma da wurin ninkaya da zauren biki, sai filin golf mai rami 9 da ciyawa ta gaske, ba irin na rairayi da aka sani a bayan Yamai ba. Cikakken filin golf mai rami 18 yakan ci hekta 50 zuwa 70, don haka rabinsa ne wurin zai ɗauka, shi ma sai an haɗa da fadama da gaɓa. Gaɓar ma ita ce abin sayarwa: baƙo na buga ƙwallo yana kallon kogi. Zuri'a ta farko ta riga ta karɓi kafin alƙalami a kan tudu da sashen fadamar da ke hannunta. Ta biyu kanta ya rabu, manya na ja da baya, samari na cewa a sayar.

Farkon 2020: roƙo, sannan kururuwa

Abu na farko da masu garka suka yi shi ne abin da kowa zai yi. Dattawansu suka sayi goro suka tafi wajen babban gidan da ya sayar. Jagoransu ya durƙusa ya ce, "Baba, mu ƴaƴanka ne. A ƙasar nan aka binne cibiyar yaranmu." Tsohon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya amsa: "Ɗana, ban kore ku ba. Amma aro aro ne. Jikokina sun yi yawa, gona ba ta ƙaruwa, kuma kuɗin nan na riga na raba." Aka yi fatiha aka tashi. Suka je wajen maigari, ya yi alƙawarin sa baki, amma shi ma dangin masu gona ne.

Doka kuwa tana bayan tsohon. Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993 ya amince da mallakar gado ta gargajiya kamar yadda ya amince da ta takarda. Wanda aka ba aro ko haya yana da haƙƙin amfani, ba na mallaka ba, komai daɗewarsa a wurin. Abin da zai iya nema shi ne diyyar abin da ya dasa ko ya gina: itatuwa, rijiya, shinge.

Da samari suka ga roƙo bai yi ba, sai suka karɓi ragama. Suka buɗe zaure a WhatsApp, suka ɗauki hotunan turaku, wani ya yi magana a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Nan aka yi kuskuren da ya daɗe yana bin su. Wani ya ji cewa Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren dausayi tun 1987, kuma akwai sassan kogin da ke cikin jerin, sai aka yi ta yaɗa cewa wurin nasu ma yana ƙarƙashin kariyar duniya. Ba haka ba ne. Dausayin kogin da aka yi wa wannan rajista yana can ƙasa wajen Gaya, kan iyakar Benin, sai gandun W da wasu tafkuna irin na Tabalak a jihar Tawa. Wakilin ɗan kasuwa bai sha wahala ba: ya fito da jerin, ya karanta, ya ce a nuna masa sunan ƙauyen. Daga ranar duk abin da masu garka suka faɗa sai a ce ai su ne masu Ramsar.

Sai kuma wasu suka bi dare suka tumɓuke turaku. Washegari jandarmomi suka tafi da samari biyu, dattawa suka yi karo-karo suka biya kuɗin ɓarna kafin a sake su, aka mayar da turakun inda suke. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: fushin duk ya sauka a kan masu awo da ƴaƴan masu gona, har aka daina gaisawa a masallaci. A ƙarshen Maris aka rufe Yamai saboda cutar korona, taro ya haramta, magana ta kwanta ba tare da an warware komai ba.

Satumba 2020: ambaliya

A ma'aunin kogi na Yamai, santimita 620 ne jan layi. A farkon Satumban 2020 ruwa ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Madatsai suka karye, unguwanni irin su Lamorde da Karadje da Kirkisoye da Saga suka cika da ruwa. A wurin da muke magana fadama gaba ɗaya ta nutse, ruwa ya taɓa gindin tudu, turakun siminti suka ɓace a ƙarƙashinsa.

Masu garka suka ɗauka Allah ya raba gardama. Wa zai zuba miliyoyi a inda ake shiga da jirgi?

Akasin haka aka gani. Ruwan su ya karya, ba ɗan kasuwa ba. Injinan ban ruwa sun tafi, rijiyoyi sun cike da laka, ƙananan itatuwan lemu sun mutu, bashin iri da taki ya hau kan kowa. Masu gona kuma ba su samu kuɗin haya ba a shekarar, don haka ko a zuri'a ta biyu masu cewa a sayar suka ƙaru. Da ruwa ya janye, ɗan kasuwa ya dawo da sabon zane wanda aka ƙara wa madatsar ƙasa da dutse a tsawon gaɓar, ya kuma ce madatsar za ta kare har ƙauyen. Ga mutanen da suka kwana a makaranta da tabarmi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

2021: canza tambaya

Wanda ya juya akalar lamarin wani tsohon jami'in gandun daji ne da ya yi ritaya, yana zuwa sayen dashen mangwaro a wajensu. Ya saurare su, ya ce shekara guda suna faɗa a kan ko ƙasar wa ce, kuma a wannan filin an riga an kayar da su. Tambayar da ya kamata su yi ita ce: shin duk ƙasar nan ma ana iya sayar da ita?

Ya yi musu bayani. Tun dokar 1928 ta zamanin Turawan Faransa, kogin da jirgi ke bi, da gadonsa har inda ruwa ke tsayawa idan ya cika bakinsa kafin ya malala, dukiyar jama'a ne, haɗe da zirin wucewa na mita 25 a kowace gaɓa. Dokar ruwa ta 2010 ta sake tabbatar da cewa koguna na jama'a ne. Irin wannan ƙasa ba a sayar da ita, daɗewa a kanta kuma ba ya mayar da ita ta mutum. Na biyu, dokar watan Mayun 2018 ta wajabta binciken tasiri ga muhalli da jama'a kafin babban aiki irin wannan, da sauraron mutanen da abin ya shafa. Mai aikin ne ke biyan masu binciken, hukumar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta ƙasa, BNEE, ta duba rahoto, minista ya sa hannu a takardar amincewa. In babu wannan takarda, babu izinin soma aiki.

Sai dai ya gargaɗe su a kan abu ɗaya: kada su kafa hujja da ruwan Satumba. Wannan malala ce, doka ba ta auna iyaka da ita. Abin da ake so shi ne inda ruwa ke tsayawa a cikar da aka saba kowace shekara.

A cikar sanyi ta gaba suka yi aikin. Da sanyin safiya, hazo bai washe ba, wani tsoho ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa yana bin gindin itatuwa, yaro na biye da shi da gwangwanin shuɗin fenti da tsinken tsintsiya. Duk inda ruwa ya tsaya a jikin mangwaro ko giginya sai a ja layi. A wasu itatuwan ba a ma bukatar fenti, don zoben busasshiyar laka na shekarun baya yana nan a ɓawo, ɗaya bisa ɗaya. Wani ɗalibin sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni, ɗan ɗaya daga cikin masu garka, yana ɗaukar hoto da waya, yana rubuta rana da wurin kowace itaciya a littafi. Da aka haɗa layukan, sai ga turaku da dama na ɗan kasuwa a cikin ruwa ko cikin zirin nan na mita 25.

A lokaci guda suka yi rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa, don hukuma ba ta amsa wasiƙar "mutanen garka", tana amsa ta ƙungiya mai lamba da shugaba da hatimi. Kowa jika ɗaya a wata. Suka rubuta wa magajin gari da hukumar filaye ta komin, wadda kowa ke kira Kofo, da ma'aikatar muhalli da ta ruwa. Ba su ce a hana aikin ba. Abu biyu suka nema: a shata iyakar ƙasar jama'a, a kuma nuna musu takardar binciken muhalli. Suka ajiye kwafin kowace wasiƙa da hatimin karɓa a kanta.

Suka kuma nemi waɗanda ba a yi shawara da su ba a karon farko: masunta, Fulanin da ke gangaro da shanu mashaya, matan da ke sarin salati da asuba suna kaiwa kasuwannin Yamai, da manoman shinkafa na ƙetaren kogi.

Layin fentin nan ya zo da nasa ciwon. Ya nuna ƙarara waɗanda doka za ta iya karewa da waɗanda ba za ta kare ba. Masu garake a saman fadama, a kan ƙasar da aka riga aka sayar, suka ga su dai sun tashi ko ta yaya. Wasunsu suka daina biyan jikar wata, biyu ko uku ma suka koma neman aikin gadi wajen ɗan kasuwa. Ba wanda ya iya ba su amsa mai gamsarwa, don babu ita.

Ɗalibin nan ne ya kawo labarin Sikotilan, kuma ya yi amfani, ko da yake ba ta inda ya zata ba. A 2006 Donald Trump ya sayi wani fili mai suna Menie a bakin teku, arewa da birnin Abadin, wanda wani sashensa tuddan rairayi ne da doka ta keɓe saboda darajarsu ga masana. Kwamitin ƙaramar hukuma ya ƙi amincewa a Nuwamban 2007, gwamnatin Sikotilan ta karɓe maganar ta ba da izini a 2008, bisa alƙawarin jarin fam biliyan 1 da ayyuka 6,000. An buɗe filin golf a 2012, ayyukan da aka samu ba su kama ƙafar alƙawarin ba, a Disamban 2020 kuma hukumar kula da muhalli ta cire wa sashen tuddan matsayinsa na kariya, don abin da ake karewa ya lalace. A wani wurin kuma, Coul Links, can arewacin ƙasar, kansiloli sun amince da filin golf a 2018, ministoci suka soke a Fabrairun 2020 bayan dogon sauraron ba'asi, masu son aikin kuma suka sake shigar da sabuwar buƙata daga baya. Tuddan rairayin Turawa ba su dami dattawan garka ba. Abin da suka riƙe shi ne a tambayi mai alƙawarin aiki: ayyuka nawa, na wata nawa, wa zai sa hannu.

2022: zaman sauraro

Wasiƙun sun yi watanni ba amsa. Amma da ɗan kasuwa ya nemi rance, masu ba da kuɗi da kansu suka tambayi takardar muhalli, sai ya ɗauki ofishin masu bincike. Aka kira zaman sauraron jama'a a ƙarƙashin rumfa a ƙofar maigari, ana fassara tsakanin Faransanci da Zabarmanci da Hausa.

Masu goyon bayan aikin ba ƴan haya ba ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Samarin ƙauyen, waɗanda ƙasar ta kakanninsu ce amma ba su da ko fangali ɗaya a cikinta, suka ce baƙi na cin amfanin gonarsu shekara da shekaru a kan haya da ba ta sayen buhun shinkafa. Mata suka yi maganar hanya da wutar lantarki, da wahalar kai mai naƙuda asibiti da damina. Kowa kuma yana son madatsa.

A kan madatsar ne zaman ya juya. Wani manomin shinkafa daga ƙetare ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da madatsarku za ta hana shiga nan, ina zai tafi?" Injiniyan ofishin bincike bai yi ƙarya ba. Ya ce fadama wurin da kogi ke shimfiɗa ruwansa ne idan ya yi yawa, in aka toshe ta ruwan zai ƙara tsawo a wani wuri, kuma zanen da ke hannunsu bai lissafa wannan ba. Aka rubuta.

Sai lissafin ruwan sha na ciyawa. Ɗalibin ya yi shi a allo: milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 daidai yake da mita kubik 10. Idan aka ɗauka ciyawa na buƙatar milimita 8 a rana da bazara, hekta 20 za su sha mita kubik 1,600 kowace rana. Wakilin ɗan kasuwa ya mayar da martani mai kyau, ya ce salati ma ruwa yake sha, ba addu'a ba. Aka yi dariya, kuma gaskiya ya faɗa. Amsar da wani dattijo ya ba shi ita ce, mai garka yana rage fangula a Afrilu da Mayu idan kogi ya janye, wani ma ya dakata sai sanyi, ita kuwa ciyawar baƙi dole ta kasance kore wata goma sha biyu, kuma ta fi ƙishi daidai lokacin da kogin ya fi talauci, lokacin da unguwannin Yamai ke kwana suna jiran famfo.

Wani Bafulatani ya tambayi ta ina shanu za su sauka in an ja katanga. Dokar makiyaya ta 2010 ta hana toshe musu hanyar ruwa, zanen kuwa bai bar ko ƙofa ba. Da aka zo kan ayyuka, aka nemi a raba na lokacin gini da na dindindin, wakilin ya ce sai ya tuntuɓi mai gidansa. Shugaban ƙungiya ya miƙa littafin layukan fenti da hotuna, ya nemi a haɗa da rahoto, ya karɓi shaidar karɓa.

Bayan damina ma'aikatan ruwa da na safiyo suka zo da ƴan Kofo suka shata iyaka. Ba su bi fentin sau da ƙafa ba, a wurare da dama sun sauko ƙasa da shi, amma gaɓar gaba ɗaya da ƙasan fadama sun fita daga abin da za a iya sayarwa. Aka kuma mayar da rahoton muhalli a sake shi, a ƙara nazarin madatsa da na mashaya.

2023 zuwa 2024: yadda ta ƙare

Da gaɓa ta fita, rami 9 ba su da wurin zama, kallon kogin da za a sayar wa baƙi kuma ya koma bayan garaken wasu. Ɗan kasuwa ya rage shiri zuwa otal da zauren biki a kan tudu, ya soma jan katanga. Zuri'a ta biyu, ganin farashin sashenta ya faɗi, ta yarda ta rubuta haya ta shekaru da ƙungiyar a gaban Kofo, da ƙarin kuɗi a kan na da. Wannan ce takarda ta farko da masu garka suka taɓa riƙewa.

Waɗanda ke kan ƙasar da aka sayar, kusan kashi ɗaya cikin uku, an biya su diyyar itatuwa da rijiyoyi suka tashi. Kuɗin bai kai na sayen wani wuri ba. Wasu suka raɓa da ƴan'uwa a ƙasan fadama, wasu suka shiga kabu-kabu, tsofaffi biyu suka koma Adar.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, iyakar Benin ta rufe, kayan gini suka yi tsada, abokan hulɗar waje suka janye. Gini ya tsaya a katanga da ɗakin mai gadi. A Agustan 2024 kogi ya sake haure jan layi, ya kwantar da ɓangaren katangar da ya gangaro fadama. Garake ma sun nutse, amma wannan karon an kwashe injina zuwa tudu tun da aka ji sanarwa a rediyo.

Abin da za a iya cewa

Roƙo bai yi aiki ba don an kai shi wajen mutumin da ya riga ya raba kuɗi, kuma doka na gefensa. Kururuwa ta faɗi don an gina ta a kan abin da ba a tabbatar ba; magana ɗaya ta ƙarya ta cinye gaskiya goma. Cire turaku kuwa hasarar kuɗi da ta zumunci kawai ya jawo.

Abin da ya yi aiki ba shi da armashi: rajista, wasiƙa mai hatimi, gwangwanin fenti, da shigo da mutanen da aikin zai taɓa amma ba su da hannu a rigimar gado. Tambayar manomin shinkafa ta fi duk abin da aka faɗa a rediyo nauyi, domin ba wanda zai ce masa baƙo ne mai son cin ƙasar wani. Kariyar da doka ta ba gaɓar tana nan tun kafin a haifi kowa a cikinsu, amma ba ta hana a kafa turaku a cikin burgu ba, kuma da ba a samu masu nemanta a rubuce ba, da an zuba mata ƙasa an shuka ciyawa.

A ganina bai kamata a ba masu garka dukan yabon ba. Iyakar da aka shata ita ta kashe filin golf, wannan nasu ne. Amma otal ɗin siyasa da takunkumi suka tsayar da shi, ba su ba. Haka kuma dokar da ta cece su ita ce ta tabbatar cewa ƙasan fadamar ba nasu ba ne, ba kuma na masu gona ba. Ranar da hukuma ta buƙaci zirin don madatsa ko hanya, ba su da abin cewa. Samarin ƙauyen ma ba a amsa kukansu ba. Ba hanya, ba wuta, ba aiki, kuma suna ganin baƙi ne suka hana su. Da ƙungiyar ta ware musu fangula tun farko, ko ta sa su cikin shugabanci, da wataƙila zaman ya fi haka daɗi, kuma wannan shawara an kawo ta a 2021 aka ƙi, saboda kowa na tsoron ragin nasa.

Takardar cinikin tudu tana nan da ƙarfinta. Fayil ɗin muhalli ba a ƙi shi ba, dakatar da shi aka yi, duk ranar da mai shi ya samu kuɗi yana iya ɗaga shi. Hayar da aka rubuta tana da wa'adi, kuma tun da katanga ta faɗi, waɗanda ke biyan jikar wata ba su kai rabin ƴan ƙungiya ba.